RA'AYI: Kundin waƙoƙin shekara: Abin da Birtaniya ta adana, mu muka bar wa 'yan tura

A ranar 28 ga Nuwamba, 1983, wasu kamfanonin buga faifai guda biyu na Birtaniya, wato Virgin da EMI, waɗanda kowa ya sani abokan gasa ne a kasuwa, suka haɗa kai suka fitar da wani kundi mai ɗauke da waƙoƙi 30 da suka yi tashe a wannan shekarar. Sha ɗaya daga cikinsu sun taɓa hawa matsayi na farko a jadawalin waƙoƙin ƙasar. Phil Collins ne ya buɗe kundin, sannan aka jero Duran Duran da UB40 da Tina Turner da Culture Club da sauransu, kowa da salon kiɗansa. Sunan da suka raɗa masa shi ne Now That's What I Call Music!, wanda a Hausance yake nufin "to yanzu na ji kiɗa". Fiye da shekara arba'in ke nan, kundin yana ci gaba da fitowa da lambarsa a jere, akasari sau uku a shekara, kuma na ɗari ya fito a watan Yulin 2018.

Masu ji da kansu a fagen nazarin kiɗa sun daɗe suna yi wa irin wannan kundi kallon raini. A wurinsu tarkacen kasuwa ne, abin da ake saya wa yara a lokacin biki. Ni kuwa ina ganin yana daga cikin abubuwa mafi amfani da masana'antar kiɗa ta taɓa ƙirƙirowa, domin yana yin ayyuka uku a lokaci guda: yana sauƙaƙa wa mai saye, yana kai wa mawaƙi haƙƙinsa ta hanyar doka, sannan yana ajiye wa 'yan baya shaidar abin da al'umma take saurare a wata ƙayyadaddiyar shekara. Najeriya, wadda waƙoƙinta suke zagaya duniya a yau, ba ta da tsayayyen abu makamancin wannan, kuma asarar da ke cikin rashinsa ta fi ƙarfin yadda muke ɗauka.

Kafin 1983 ma ana tara waƙoƙin da suka yi fice a faifai ɗaya, sai dai aikin yana hannun 'yan gefe. Fitacce a cikinsu shi ne kamfanin K-tel na Philip Kives, wani ɗan kasuwa daga birnin Winnipeg na Kanada, wanda ya soma da tallar kayan girki a talabijin, kafin a 1966 ya gane cewa ana iya tallata waƙa kamar yadda ake tallata wuƙa da kasko. Shi da takwarorinsa irin su Ronco sukan karɓi lasisi daga masu waƙoƙi, su cusa ashirin ko fiye a faifan garmaho ɗaya. Saboda faifan ba zai iya ɗaukar su duka ba, sai a guntule waƙoƙin, a matse layukan faifan, sauti ya raunana. Akwai kuma wata hanyar da ta fi wannan araha: kamfanin Pickwick ya shafe daga 1968 zuwa 1985 yana fitar da faya-fayan Top of the Pops, inda ake ɗaukar mawaƙan haya su kwaikwayi waƙoƙin da ke tashe, domin a kauce wa biyan kuɗin muryar mai waƙar na asali. Elton John kansa ya yi irin wannan aikin kwaikwayo kafin sunansa ya fito. Mai saye dai shi ke kwana a ciki, ko ya samu rabin waƙa, ko ya samu jabu.

Abin da Virgin da EMI suka gane shi ne, babu dalilin da zai sa su riƙa bai wa wasu hayar dukiyarsu a kan farashi kaɗan, alhali su ne masu ita. Suka yi kundin faifai biyu domin kowace waƙa ta samu wurin numfashi, suka sa muryoyin asali, suka ƙawata bangon da hotuna da taƙaitaccen bayanin kowace waƙa da matsayin da ta kai a jadawali. Sunan ma daga wani tsohon hoton talla aka ɗauko shi, na naman alade daga Denmark, wanda ke nuna alade yana sauraron carar zakara. Richard Branson, mai kamfanin Virgin, shi ya saya wa ɗan'uwansa Simon Draper, aka rataye a ofis. Nasarar da aka samu ta sa a 1984 kamfanonin CBS da WEA suka fito da nasu mai suna The Hits Album. Cinikin irin waɗannan kundaye ya kai ga suna danne kundayen ɗaiɗaikun mawaƙa a jadawali, har a watan Janairun 1989 aka ware musu jadawalinsu na daban. Kundi na 44, wanda ya fito a ƙarshen 1999, ya sayar da kwafi kusan miliyan 2.3, kuma shi ne kan gaba a duk jerin. Amurka ta soma nata a 1998, Jamus na da Bravo Hits tun 1992, Sweden na da Absolute Music tun 1986, Ostiraliya kuma So Fresh.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da ke faruwa a bayan fage, domin a nan darasin yake. Kowace waƙa da aka naɗa tana ɗauke da haƙƙi iri biyu. Akwai haƙƙin wanda ya tsara baitoci da karin waƙar, akwai kuma haƙƙin wanda ya mallaki sautin da aka naɗa, wanda galibi kamfani ne. Kafin waƙa ɗaya ta shiga kundi, sai an samu lasisin mai sautin, an kuma biya mai tsarawa ta hannun ƙungiyar da ke karɓar musu kuɗi. Idan kundi yana da waƙoƙi arba'in da 'yan kai a faifan CD biyu, to an ƙulla yarjejeniya arba'in da 'yan kai ke nan, kowace da rabonta a rubuce. Mawaƙi na da ikon cewa a'a. Madonna, duk da cewa ta mamaye jadawalin Birtaniya a shekarun 1980 da 1990, ba a ga waƙoƙinta a jerin kundayen na wancan zamani ba. Wannan giɓi da kansa hujja ce cewa ba a ɗaukar waƙar mutum sai da yardar masu ita.

Sai kuma aikin mai zaɓe. Wani mutum mai suna Ashley Abram shi ya riƙa haɗa kundayen tun daga na biyu a 1984 har zuwa na 81 a 2012. Aikinsa ya wuce kwafe jadawali. Dole ya san wace waƙa za ta buɗe faifai, wace za ta bi wace ba tare da kunne ya yi tuntuɓe ba, ina za a sa masu zafi, ina za a sa masu sanyi. Kuma da yake ana rufe jerin makonni kafin kundin ya isa shaguna, wani lokaci sai ya yi hasashen waƙar da ba ta riga ta yi tashe ba. Wata ta ba da kunya, wata ta fitar da shi. Ko ma dai yaya, akwai ɗan'adam mai suna da za a iya tuhuma idan zaɓen ya karkace.

Ban jahilci hujjojin masu suka ba, kuma wasunsu na da nauyi. Na farko, suna cewa manyan kamfanoni ne ke da kundin, don haka mawaƙansu za su fifita. Gaskiya ne, a yau Sony da Universal ne ke riƙe da Now, kuma ƙaramin mawaƙi mai zaman kansa ba ya shiga sai ya fasa jadawali da ƙarfin tsiya. Amma wannan aibi ne na yadda aka rarraba mallaka, kuma maganinsa shi ne a faɗaɗa teburin da ake zama a yi zaɓen. Na biyu, suna cewa mawaƙi yakan tsara kundinsa a matsayin aiki guda mai farko da ƙarshe, cire waƙa ɗaya daga ciki tamkar yage shafi ne daga littafi. Wannan ma da ƙamshin gaskiya, sai dai rediyo na yin haka kullum ba wanda ya ce uffan, kuma mutane da yawa ta waƙa ɗaya suka san mawaƙi kafin su nemi sauran aikinsa. Na uku, suna cewa abin da ya fi kasuwa ba lallai ne ya fi kyau ba. Ban yi musu ba. Sai dai kundin bai taɓa iƙirarin cewa shi alƙalin inganci ba ne. Shi mai ba da shaida ne, kuma amfanin shaida shi ne ya faɗi abin da ya faru ko da bai yi daɗin ji ba. Manazarcin da yake son sanin halin da matasan Birtaniya suke ciki a 1999 zai fi ƙaruwa da kundi na 44, da waƙoƙinsa masu kyau da na shirme gaba ɗaya, fiye da jerin da wani masani ya tace bayan shekara ashirin.

Hujja ta huɗu ita ce mafi ƙarfi: wai zamanin ya wuce. Tun da Spotify ya soma aiki a Sweden a 2008, aka kuma samu Apple Music da YouTube da Audiomack da Boomplay, kowa na iya jin waƙar da yake so a lokacin da yake so, kuma manhajojin suna da nasu jerin waƙoƙin da ke tashe. Ba shakka cinikin faifai ya faɗi ƙasa warwas, kuma babu kundin da zai sake ganin kasuwar 1999. Amma jerin waƙoƙi na manhaja da kundi mai lamba ba abu ɗaya ba ne. Jerin manhaja yana sauyawa kowane mako. Abin da ke ciki yau, gobe an share shi an zuba wani, ba tare da an bar sawu ba. Waƙa na iya ɓacewa dare ɗaya saboda saɓani tsakanin mawaƙi da kamfaninsa. Kamfanin manhajar ma yana iya yin ɓarna: a 2019 MySpace ya amsa cewa ya rasa waƙoƙin da aka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50. Wanda yake biyan kuɗin wata-wata haya yake yi, ranar da ya daina biya ko mai gida ya rufe ƙofa, ba shi da komai a hannu.

Akwai kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba. Manhaja tana nazarin abin da mutum ya saurara jiya, ta kawo masa irinsa yau, gobe ma haka, har ya wayi gari bai san akwai wani kiɗa bayan nasa ba. Kundin da ke tara salo daban-daban akasin haka yake yi. Yaron da ya sayi kaset saboda waƙa ɗaya ta rawa, dole ya ratsa ta reggae da rock da waƙar soyayya mai sanyi kafin ya isa gare ta, kuma a hanya yakan tsinci abin da bai fita nema ba. A ƙasa mai yaruka da al'adu da yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan ya kawo mu gida. Kuskure ne a ce ba mu san tara waƙoƙi ba. Mun san shi sarai, sai dai ta ƙofar baya muke shigarsa. Shekaru da dama kasuwar Alaba da ke Legas ita ce ke yanke hukuncin waƙar da za ta zagaya ƙasa, ta hanyar faya-fayan gauraye da ake bugawa a can, har ta kai ƙananan mawaƙa ne ke biya domin a sa su a ciki. A Arewa an yi zamanin kaset da CD a Ƙofar Wambai, sannan aka shiga zamanin masu tura waƙoƙi, waɗanda ke zaune da kwamfuta a bakin kasuwa ko tasha, a miƙa musu waya ko katin memori su cika shi da abin da ke tashe. Waɗannan mutane sun iya zaɓe, sun san kunnen jama'a fiye da ma'aikatan rediyo da yawa, kuma su suka kai waƙa ƙauyukan da intanet bai isa ba. Amma galibin abin da ke shiga aljihunsu ba ya isa ga wanda ya yi waƙar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sannan katin memori ba ma'ajiya ba ce. Wata mai zuwa za a goge a zuba sabo.

Sakamakon haka shi ne, idan yau wani ɗalibi a Jami'ar Bayero ko ta Abuja ya so ya san waƙoƙi arba'in da suka fi tashe a Najeriya a 2005, babu wani kundi guda da zai ɗauka ya ce ga su nan. Sai ya bi tsofaffin jaridu da ƙwaƙwalwar mutane. Abin da ya fi ciwo, idan aka zo tara tsofaffin waƙoƙinmu a kundi mai lasisi da bayani, sau da yawa baƙi ne ke yi. Kamfanin Strut na Landan ne ya fitar da Nigeria 70 a 2001. Soundway na Birtaniya ne ya yi jerin Nigeria Special. Luaka Bop na Amurka ne ya dawo da sunan William Onyeabor na Enugu cikin duniya a 2013. A wannan shekarar kuma Sahel Sounds, wani ƙaramin kamfani a birnin Portland na Amurka, ya fitar da Harafin So, kundin waƙoƙin fina-finan Hausa. Shi ne dai kamfanin da tun a 2011 ya tattara waƙoƙi daga katunan memorin wayoyin mutane a arewacin Mali, ya bi sawun masu su ya biya su, kuma ta wannan kundi ne duniya ta fara jin Mdou Moctar na Nijar. Sun yi aikin kirki, babu mai zarginsu. Amma kunnen baƙo ne ya yi zaɓen, domin masu sauraro baƙi, alhali an ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Abin mamaki, kayan aikin duk suna nan. Kasuwa akwai ta: Oliver Twist ta D'banj ta kai matsayi na tara a Birtaniya tun 2012, Burna Boy ya ɗauki Grammy a 2021, Calm Down ta Rema da Selena Gomez ta kai matsayi na uku a jadawalin Billboard na Amurka a 2023. Jadawali ma akwai: TurnTable ya soma a 2020, kuma tun 2022 yake fitar da jerin waƙoƙi ɗari na mako-mako. Doka akwai ta: sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988, kuma ta taɓo al'amuran intanet da tsohuwar ba ta san da su ba. Akwai Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, akwai ma'aikatar tarayya da aka ɗora wa kula da tattalin arzikin masu fasaha tun 2023. Abin da ya rage shi ne a ɗinke waɗannan a wuri ɗaya.

A nan nake so in yi magana da waɗanda ke rubuta takardun shawara a ma'aikatu da masu taimaka wa ministoci da 'yan majalisa, domin a teburinsu irin wannan tunani yake rayuwa ko ya mutu. Abu na farko, kuma mafi muhimmanci: kada gwamnati ta zaɓi waƙa ko ɗaya. Ranar da aka kafa kwamitin ma'aikata aka ce su fitar da waƙoƙin shekara, ranar kundin zai cika da waƙoƙin yabon masu mulki da na 'yan'uwan masu kwamiti, kuma ba zai kai fitowa ta uku ba. Kundin Birtaniya ya rayu ne saboda 'yan kasuwa ne ke da shi, kuma mai saye ne ke hukunta su. Zaɓe aikin kamfanoni ne da mawaƙa da masu jadawali.

Aikin hukuma shi ne share hanya. Mai son haɗa kundi mai waƙoƙi arba'in yana buƙatar ƙofa ɗaya sananniya da zai ƙwanƙwasa domin lasisi, kuma taƙaddamar da aka shafe shekaru ana yi kan ƙungiyoyin karɓar kuɗin mawaƙa, COSON da MCSN, ta sa masu zuba jari da yawa ɗari-ɗari. Hukumar Haƙƙin Mallaka na iya samar da samfurin yarjejeniya mai sauƙi, a fassara shi zuwa Hausa da Yarbanci da Igbo da Fijin, yadda mawaƙin da ba shi da lauya zai san abin da yake sa wa hannu. Haka kuma, maimakon a tsaya ga kame da ƙona faya-fayai, a jawo masu tura waƙoƙi cikin tsari: a ba su lasisin sayar da kundin a kan farashin da talaka zai iya, su ci nasu kaso, mawaƙi ya ci nasa. Su ne suka riga suka mallaki hanyar da ke kaiwa ga kowace tasha da kowace kasuwar ƙauye, kuma babu kamfanin da zai iya gina irinta cikin shekara goma.

Sai batun ma'auni. Jadawalin da ya dogara da manhajoji da rediyo da talabijin yana ƙirga wanda ke da kuɗin data ne da wanda gidajen rediyon manyan birane suka sa. Waƙar da ta bi ta waya zuwa waya, daga Gusau zuwa Maraɗi zuwa Agadas, ba ta barin lamba a ko'ina. Duk wanda ya zauna a Arewa ya ga yadda Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye gidaje a 2020, da yadda Warr ta Ado Gwanja ta cika wuraren biki a 2022. Kundin ƙasa da zai fito babu irin waɗannan, ko babu fuji, ko babu waƙoƙin Igbo na zamani, kundin Legas ne aka sa masa rigar Najeriya. Idan masu tura waƙoƙi suka shiga tsari, cinikinsu da kansa zai zama ƙididdigar da ba mu taɓa samu ba.

Na ƙarshe shi ne ajiya. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ya kai kwafi uku a ajiye. Ya kamata a tabbatar da irin wannan ga kundin waƙoƙin shekara, tare da bayanin wanda ya rubuta kowace waƙa, wanda ya kaɗa, inda aka naɗa da ranar da ta fito. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, kuma har yau manazarta suna fama da tantance shekarun da aka yi yawancin waƙoƙin manyan makaɗanmu, saboda ba a rubuta ba a lokacin da rubutawar take da sauƙi. Mawaƙan yau suna raye, waƙoƙinsu suna nan da kwanan watansu. Shekara arba'in nan gaba, jikokinmu za su tambayi abin da ake saurare a Kano da Aba da Ibadan a zamaninmu, kuma amsar da za su samu ta dogara ne ga ko an samu wanda ya buga kundi na ɗaya, ya sa masa lamba, ya biya masu waƙoƙin, ya kai kwafi uku ɗakin karatu.